Minti Ukun Baba

Ni na kaɗa wa mahaifina ƙararrawa a bainar jama'a, ya haɗiye maganarsa ya koma ya zauna. Na yi shekaru ina ba da labarin nan ina kauce wa wannan wurin, in ce "sai aka kaɗa ƙararrawa", kamar iska ce ta kaɗa ta. Yanzu da furfura ta fara kama ni na gaji da kewaye-kewaye.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Ƙafin Maiyaki. Iyayena suna ƙauyenmu, gaba da Badafi kaɗan, inda nake zuwa duk Juma'a da yamma a kan babur ɗina. Sai aka yi sanarwa a rediyo cewa an kafa kwamiti mai zagaya ƙasa yana jin ta bakin talakawa a kan irin ƙasar da suke so jikokinsu su tarar: yadda za a yi mulki, yadda za a nemi abinci, da abin da za a sa a gaba na shekaru masu yawa, wanda ko gwamnati ta sauya ba za a taɓa shi ba. Aka ce za su zauna a Tudun Wada su saurari mutanen Bebeji da Kiru da Doguwa da na Tudun Wadar kanta, kowane yanki ya turo wakilinsa. Mu malaman makaranta dariya muka yi ta yi a ofishin hedimasta, don mun sha ganin irinsu. Mutanen ƙauyenmu ba su yi dariya ba. Su ba a taɓa tambayarsu komai ba sai ranar zaɓe, ita ma dangwale ne kawai a tafi.

Abin da ke ci musu rai a shekarun nan burtali ne, hanyar da shanu ke bi daga rugar da ke gabas da gari zuwa mashaya a rafi. Ina yaro, garke biyu kan haɗu a cikinsa su wuce ba su taɓa shukar kowa ba. Amma duk damina mai gonar wannan gefe ya ɗan ci taku ɗaya, na wancan gefen ma ya ci nasa, har ya zama saniya ɗaɗɗaya ke wucewa, tana tafe tana fisgar masara dama da hagu. Daminar da ta gabata an fasa wa wani makiyayi kai, an kuma sassari maraƙi biyu. Kowa ya san in aka sake wata damina a haka, gawa za a ɗauka.

Ardon rugar abokin mahaifina ne tun suna samari. Mu Baffa muke ce masa. Duk kaka in an gama kwashe dawa, a gonar Baba shanunsa ke fara sauka, su ci kara su bar taki, Inna ta aika ruga da dawa da daddawa, ƙwaryar ta dawo cike da nono. Baba da Baffa ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Baba ya ce masa bai iya komai ba sai bin wutsiyar saniya, shi kuma ya ce Baba bawan fartanya ne, ko Makka aka kai shi sai ya nemi inda zai yi huɗa.

Amma kafin tsokanar sai an yi gaisuwa, kuma a nan ne labarin yake. Mahaifina mutum ne mai gaisuwa. In ya tare ka a hanya sai ya tambayi gida, da gajiya, da jikin tsohuwa, da yarinyar da aka yaye, da akuyar da ta ɓata bara ko an gan ta. Kuma ba jerowa yake yi ba, kowace tambaya sai ya tsaya ya ji amsarta. Inna kan ce in ta aike shi sayen gishiri gara ta leƙa maƙwabta ta samo, don miya ba ta jira. A wurinsa, duk wanda ya faɗa maka abin da ya kawo shi bai gama gaishe ka ba, ko dai ya raina ka ne, ko kuma gobara ce ta tashi.

Da labarin kwamitin ya iso, mai gari ya tara mutane. Sati biyu aka yi ana zama bayan la'asar a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidansa, manoma a kan tabarmi, mutanen ruga a kan buzayensu. A garinmu ba a ƙirga hannu. Matasa su fara magana, magidanta su biyo, dattawa su rufe. In mutum ɗaya ya ƙi, ba a danne shi, sai a tashi, a tura masa wanda yake jin nauyinsa. Akwai wani maƙwabcinmu mai taurin kai wanda gonarsa ta fi ta kowa cin burtalin, ya rantse ko tafin hannu ba zai bari ba. Baba aka tura masa. Safiya uku yana zuwa gidansa yana gaishe shi, ya tashi ya tafi bai ce masa uffan a kan burtali ba. A ta huɗu mutumin da kansa ya ce, "Don Allah Malam ka huta haka. Na bar taku biyar."

Abu uku aka tsayar. Na farko, kowane mai gona a bakin burtali zai ja da baya taku biyar, mutanen ruga kuma ba za su saki dabba a gona ba sai mai gari ya sa an yi shelar an gama kwashe amfani. Amma da sharaɗi: hukuma ta zo ta kafa duwatsun siminti a iyakar, don kowa ya san halin kansa in ruwa ya sauka. Na biyu, takin zamani ya riƙa zuwa kafin shuka, ba bayan masara ta yi goyo ba. Na uku, duk wanda ya hau mulki ya ƙarasa aikin da ya tarar kafin ya fara nasa, don mun gaji da kallon gadar rafinmu tsaye da ƙafa biyu babu rufi. Suka ce in haka ta yi wa ƙauyenmu daidai, ba mamaki ta yi wa ƙasar ma.

A zaman ƙarshe Baffa ya kawo tasa maganar. Ya ce 'ya'yansa sun gaji, suna so su tashi su yi kudu. Ya ce, "Na riƙe su da kyar. Damina ɗaya zan iya ƙara riƙe su, in sun ga an kafa duwatsun nan. In ba a kafa ba, to bakina ya ƙare."

Baba aka zaɓa ya kai maganar, don shi kaɗai ne manoma da makiyaya suka yarda ba zai ƙara ba, ba zai rage ba.

Ni kuma ana saura kwana biyar aka kira wasunmu malamai mu taimaka da hidimar taron. Wasu shirya kujeru, wasu rubuta sunaye. Ni da yake ina da agogon hannu kuma ina ɗan jin Turanci, aka ba ni tsaron lokaci. Sakataren kwamitin, wani dogon mutum mai saurin magana, ya ce wakilai sun yi yawa, kowa minti uku zai yi, in sun cika in kaɗa ƙararrawa, ko wane ne. Ƙararrawar ma ni na aro ta a wurin hedimastanmu, ta tagulla mai mariƙin katako, wadda muke tashin yara hutun tara da ita. Aka rataya mini wani kati a wuya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin katin nan fiye da yadda ya kamata.

Ranar Juma'a na je gida na tarar da Baba a zaure yana bitar maganarsa, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na san minti uku ne. Na kuma san mahaifina. Amma ni ɗan fari ne, ko sunana ba ya faɗa, tun da na fara koyarwa Malam yake ce mini, rabi girmamawa rabi zolaya. Ta ina zan fara ce masa ya rage gaisuwa? Na shiga wurin Inna na gaya mata, ta ce, "Ni ce zan faɗa masa? Kai da ka yi boko ka je ka faɗa." Na dawo zaure na durƙusa, na yi ta murza hula, da kyar na ce, "Baba, an ce fa lokacin kaɗan ne."

Ya ce, "To ai maganar ma kaɗan ce, Malam. Uku ce."

Na ce haka ne. Na tashi na bar shi a kan haka.

Ranar taron ya sa farar babbar rigarsa ta Sallah. Baffa ya rako shi, da malafarsa da sandarsa, aka ce ya ajiye sandar a bakin ƙofa, ya ajiye yana ta waiwayenta. Babban ɗakin taro ne na wata makaranta, ya cika maƙil, ga zafin bazara. A kan dogon tebur akwai shugaban kwamitin, wani dattijo daga kudancin ƙasar nan wanda ba ya jin Hausa, da tafinta a gefensa, da wata mata mai rubutu, sai hakimai a jere. Ni ina can ƙarshen teburin kusa da sakatare, agogona a kwance a gabana, ƙararrawa a hannun dama.

Yawancin garuruwa samari suka turo, masu takarda a hannu. Su miƙe, su ce suna tsaye a kan gaisuwar da aka riga aka yi, su karanto abinsu da gudu kamar ana kora su. Na kaɗa wa mutum goma sha wani abu, ban ji komai ba. Har wani daɗi nake ji in na ga mai babbar riga ya yi shiru saboda ni.

Sai bayan azahar aka kira ƙauyenmu. Lokacin 'yan kwamitin sun fara duba agogo, don akwai wani garin da ke jiransu. Baba ya taso a hankali. Da ya iso gaban teburin sai ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa. Aka miƙa masa lasifika, ya karɓa da hannu biyu.

Ya yi sallama, ya jira aka amsa. Sannan ya dubi shugaban ya ce, "Ranka ya daɗe, an zo lafiya? Yaya hanya?" Ya tsaya. Tafinta ya juya maganar, dattijon ya yi murmushi ya amsa, tafinta ya dawo da ita. Baba ya ce, "Madalla. Yaya aka baro iyali? Yaya baƙunta, da zafin garin namu?" Ya sake tsayawa. Minti ɗaya ya tafi a nan.

Ya juya kan hakimai. Bai haɗa su a gaisuwa ɗaya ba, don a wurinsa wannan rashin kunya ne. Kowanne da sarautarsa, kowanne da tasa tambayar. Ɗaya daga cikinsu an yi masa rasuwa kwanan baya, Baba ya yi masa ta'aziyya, ɗakin duka aka shafa addu'a. Ya ce wa matar nan mai rubutu, "Hajiya, sannu da aiki, Allah ya ba da lada." Na yi tari. Na sake yin tari. Bai ko waiwayo ba, don bai san tarin na nufin wani abu ba.

Minti uku suka cika yana gaida malamai da sauran jama'a. Na dafe agogon da tafin hannuna. Na ƙara masa rabin minti. Sakataren ya zare hannuna daga kan agogon, ya ɗora yatsa a kai, ya ce mini da Turanci lokaci ya wuce. Daidai nan Baba ya gyara durƙuso, ya ɗaga hannun hagu, ya kama ƙaramin yatsansa ya ce, "To, abin da jama'armu suka aiko ni da shi, na farko..."

Na kaɗa.

Ya waiwayo ya ga daga inda ƙarar ta fito. Bai san ni ne mai ƙararrawar ba sai lokacin, don yana can baya tun safe, kuma idonsa ya fara rauni. Ya dube ni, abin da bai cika yi ba. Sannan ya ce a cikin lasifikar, a hankali, "To, Malam ya ce a tsaya." Wasu suka yi dariya. Ya miƙa lasifikar da hannu biyu, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya koma.

Shugaban kwamitin ya ce a gaya wa dattijon nan, duk yawon da suka yi a ƙasar nan ba a taɓa yi musu gaisuwa mai daɗin tasa ba. Aka tafa. Na hango Baffa a tsaye a jikin bango, bai tafa ba.

Na sha tambayar kaina me zai faru da na ajiye ƙararrawar nan na naɗe hannu. Ba abin da zai faru. Iyaka sakataren ya harare ni, ko ya karɓe katin wuyan. Na daɗe ina gaya wa kaina gudun a ce na fifita mahaifina ne ya sa. Ƙarya nake yi. Kunyarsa na ji. Na ga samari masu takarda suna duban juna suna murmushi, na ji ina so tsohon nan mai takalmi a gefe ya gama ya tashi daga gaban mutane. Wannan ita ce gaskiyar, kuma har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina.

Da aka tashi na yagi takarda na rubuta abubuwa ukun nan da sauri, na jefa a wani kwali da aka ajiye don masu ƙarin bayani. Kwalin ya cika har yana zuba. Wajen tattara kaya na leƙa littafin matar nan, na ga abin da ta rubuta a gaban sunan ƙauyenmu: wakili ya yi maraba da kwamiti, ya nuna goyon baya. Bayan wasu watanni muka ji a rediyo an ce al'ummar ƙasa sun yi magana da murya ɗaya, an haɗa kundi. Ban taɓa ganin kundin ba.

Ba na cewa da Baba ya faɗi maganarsa da an zo an kafa duwatsun. Wataƙila da ba a zo ba. Amma da mutanenmu sun san an faɗa, an ji, da sun jira, da sun riƙe alkawarinsu ko na shekara ɗaya ne. Abin da ya iso gari kafin mu iso shi ne, wanda aka tura bai ce komai ba, ɗansa ne ma ya hana shi. Maƙwabcin nan namu ya ce shi da ma da sharaɗi ya bari, tunda babu siminti babu taku biyar. Ruwan farko na sauka ya shuka masararsa har inda ya saba, ya ƙara da kaɗan. Na kusa da shi ya ce ba zai zama shi kaɗai wawa ba. Kafin sati biyu, abin da aka yi kwana goma sha huɗu ana ɗinkawa ya warware. Aka nemi Baba ya sake zuwa gaida mutumin. Baba ya ce a tura wani.

Daminar nan mutanen ruga suka yi ta zagaye mai nisa da shanunsu don kada a yi faɗa. Da kaka ta yi, Baffa ya zo gidanmu shi kaɗai, babu garke a bayansa. Ranar Asabar ce, ina gida. Suka zauna a zaure suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da shanu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sannan Baffa ya ce jibi za su tashi, za su yi gaba da Doguwa, in ba su sami wuri ba su ƙara gaba. Ya so ya sa abin ya yi sauƙi, ya ce, "Bawan fartanya, an ba ka fili ka shuka magana, ka shuka gaisuwa." Baba bai rama ba. Tunda nake ban taɓa ganin ya bar tsokanar Baffa ta faɗi ƙasa ba sai ranar. Can Baffa ya ce, "Da ni aka tura ma haka zan yi. Yaya za ka tsaya gaban manya ka fara da buƙata?" Da zai fita ya wuce ni a bakin ƙofa, na gaishe shi, ya amsa da kyau, bai ƙara komai ba.

Ba su sake ganin juna ba. Bayan shekara uku aka bugo waya aka ce Baffa ya rasu a wani daji mai nisa, har an yi kwana bakwai. A kakar da suka tashi Baba ya tara karan gonarsa ya bar shi a tsaye har gara ta cinye.

Bai taɓa yi mini maganar ƙararrawar nan ba, ko sau ɗaya. Na so ya yi. Na so ya zage ni, ko ya yi fushi ya ƙi amsa gaisuwata in sami ƙofar ba shi haƙuri. Duk Juma'a in na zo sai ya tambaye ni hanya, da iyali, da yaran makaranta, kamar yadda ya saba. Sai dai ya daina magana a taro. In an zauna a ƙarƙashin tsamiya aka zo kan dattawa, sai ya ce abin da aka faɗa ya isa. Ni kuma na mayar wa hedimasta ƙararrawarsa, na roƙe shi ya ba wani malamin aikin kaɗa ta.

Ciwonsa na ƙarshe bai yi tsawo ba. Aka aiko mini ranar Talata, na iso da hantsi. Yana kwance a ɗakinsa, ya rame, Inna na zaune a gefe tana yi masa fifita. Na durƙusa a bakin gado na ce, "Baba, ina kwana, yaya jikin..."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Bar gaisuwar tukuna, Malam. Lokacin kaɗan ne. Kana da biro?"

Na ce ina da shi. Na ciro littafin shirin darasi daga jakata na buɗe bayansa. Ya kama ƙaramin yatsansa na hagu ya ce, "Na farko." Ya faɗi maganar burtali, da taku biyar, da shelar mai gari, da duwatsun siminti. Ya kama na biyu ya faɗi ta taki. Ya kama na uku ya faɗi ta gada, da wanda ya hau ya ƙarasa aikin wanda ya sauka. Bai yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Ashe duk shekarun nan tana nan a bakinsa yadda aka ba shi ita. Ina rubutawa hawaye na ɗiga a kan takardar. Kuma Allah ya yafe mini, idona ya kai kan agogo. Ko minti biyu bai yi ba.

Ya sauke hannunsa ya huta. Sannan ya ce, "Na wuce lokaci?"

Na ce, "A'a Baba. Da saura."

Ya ce, "To madalla." Ya ɗan juyo da fuskarsa wajena. "Yaya hanya? Ka zo lafiya?"

Na ce lafiya lau.

"Yaya ka baro iyali? Yaya mai sunan Inna, ta daina tarin?"

Na ce ta daina. Ya tambayi yaran makaranta, ya tambayi hedimasta, ya tambayi babur ɗin ko har yanzu yana shan mai. Kowace tambaya sai ya tsaya ya ji amsarta. Na cire agogon na sa a aljihu, na gyara zama a ƙasa, na yi ta amsa masa har barci ya ɗauke shi. Ranar Alhamis da la'asar muka kai shi.